Likita Mila da Makarantarsa ta Zazzau

Kwanakin baya na raka ƙanwata Asibitin Barau Dikko da ke nan Kaduna domin a duba mata ido, muka tafi tare da ɗanta wanda yake aji biyu a babbar sakandare. Muna zaune muna jiran a kira mu, sai yaron ya dubi allon da ke ɗauke da sunan asibitin ya ce, "Kawu, shi wannan Barau Dikko gwamna ne ko sarki?" Na ce masa ba ko ɗaya, likita ne, kuma shi ne ɗan Arewa na farko da ya kai ga zama likitan asibiti. Ya yi shiru kaɗan, sannan ya sake tambaya, "To, Kawu, yaya aka yi ya riga kowa?" Tambayar nan ta biyu ce ta bi ni har gida, domin amsarta ba ta tsaya a kan Barau Dikko ba, sai da ta koma baya ga wani Bature ɗan mishan wanda ya baro ƙasarsu da ƙuruciyarsa, ya tsufa a Arewa, ya kuma mutu a cikinta. Sunansa Walter Miller, amma a gidanmu ban taɓa jin an kira shi da wani suna ba sai Likita Mila.

Ya kamata mai karatu ya san inda na tsaya tun da wuri. Ni Bahaushe ne Kirista, tushen gidanmu Wusasa ne, a bayan ganuwar birnin Zariya, kuma sana'ata koyarwa ce, na haura shekara ashirin ina riƙe da alli. Saboda haka labarin mutumin nan ba labarin nesa ba ne a gare ni. Kakata ta wajen uwa ta tashi a Wusasa a cikin shekarun 1930, kuma daga bakinta na fara jin sunansa, tun kafin in san cewa akwai littattafan tarihi da suka yi magana a kansa.

An haifi Mila a 1872 a yankin Devon na ƙasar Ingila, ya yi karatun likita a Asibitin St. Bartholomew da ke Landan, sannan ya miƙa kansa ga ƙungiyar mishan ta cocin Angilikan wadda aka sani da CMS. A wancan lokaci Turawan mishan sun ɗauki ƙasar Hausa da muhimmanci ƙwarai, domin sun ji labarin manyan birane masu ganuwa, da kasuwanni, da malamai masu rubutu da karatu, da harshe guda wanda fatake suka kai shi tun daga Gwanja har bakin Bahar Rum. Abin da ya fara burge ni game da shi shi ne, bai nufo ƙasar Hausa kai tsaye ba. Ya fara zuwa Tarabulus, a ƙasar Libiya ta yanzu, inda ayarin raƙuma daga Kano yake sauka, inda kuma akwai Hausawa mazauna da fatake da mahajjata masu jiran guzuri. A can ya zauna ya koyi Hausa daga bakin masu ita, ba daga littafi kaɗai ba. Duk wanda ya taɓa ƙoƙarin koya wa baƙo bambancin da ke tsakanin "gashi" na kai da "gashi" na nama da "ga shi" na nuni, ya san cewa wannan ba aikin wata ɗaya ko biyu ba ne. Zuwa 1901 har ya wallafa ɗan littafin nahawun Hausa domin Turawa masu koyo.

A Tarabulus ɗin ne ya haɗu da wani yaro mai suna Abdulmajid, ana ce masa Audu, wanda ya fito aikin hajji tare da mahaifinsa, mahaifin ya rasu a hanya ya bar shi a ƙasar baƙi. Mila ya riƙe shi, ya kuma taimaka masa ya cika hajjinsa, daga baya yaron ya biyo shi ƙasar Zazzau ya zama ɗaya daga cikin mutanensa na farko. Nakan tsaya a kan wannan labari, domin ɗan mishan da ya taimaki yaro Musulmi ya isa Makka ya nuna wani hali da ba kullum ake ganinsa a rubuce-rubucen Mila na baya ba, inda harshensa yakan yi kaifi.

A farkon 1900, shekarar da Gwamna Lugga ya kafa tutar Ingila a Lakwaja, wata ƙaramar tawaga ta mutum biyar a ƙarƙashin Bishop Herbert Tugwell ta taso daga Ikko ta nufi Kano, Mila yana cikinta. Sun bi ta Zariya, inda Sarki Kwasau ya karɓe su ba tare da tashin hankali ba, suka wuce Kano suna zaton za a buɗe musu ƙofa su kafa makaranta da ɗakin magani. Sarkin Kano Alu bai yarda ba, ya ba su 'yan kwanaki su fice masa daga gari. A ganina tafiyar nan garaje ce, kuma ban ga laifin Sarki Alu ba. Mutumin da yake jin labarin sojojin Nasara suna hawowa daga kudu, sai ga wasu Nasaran a fadarsa suna cewa su malamai ne, alhali garinsa cike yake da malamai da tsangayu, ba shi da dalilin rarrabe waɗannan da waɗancan. Shekara uku bayan haka kuwa Kano ta faɗa hannun sojojin Lugga. Tawagar ta ja da baya zuwa Girku, kudu da Zariya, a can ɗaya daga cikinsu, Dudley Ryder, ya rasu, wasu kuma ciwo ya mayar da su gida. Daga cikin mutum biyar ɗin nan Mila ne ya dawo ya dawwama.

A 1905 ya samu izinin zama a cikin birnin Zariya, a zamanin Sarki Aliyu Ɗan Sidi, a unguwar Durumin Maigarke. Wannan babban abu ne, domin Lugga ya riga ya yi wa sarakunan Musulmi alkawari cewa gwamnati ba za ta taɓa addininsu ba, kuma daga wannan alkawari ne aka kafa al'adar hana 'yan mishan shiga biranen sarakuna. Mila ya buɗe ɗakin shan magani, ya kuma buɗe makaranta. Burinsa a lokacin babba ne. Ya tsara wa Lugga shirin makarantar kwana ta 'ya'yan sarakuna, da wani aji na malamai inda za su koyi rubutun boko da lissafi domin aikin hukuma, yana ganin idan aka samu manyan gobe an samu ƙasa gaba ɗaya. Shirin bai yi nisa ba. Iyaye sun san cewa mai makarantar ɗan mishan ne, shi kuma bai taɓa ɓoye abin da ya kawo shi ba, saboda haka suka riƙe 'ya'yansu. A ƙarshe gwamnati ta buɗe tata makarantar a Nasarawa ta Kano a 1909, a hannun Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, wanda shi ma da fari a matsayin ɗan mishan na CMS ya zo kafin ya koma aikin gwamnati.

Abin da ya rage wa Mila bayan wannan shi ne yara 'yan kaɗan waɗanda babu mai rububinsu: 'ya'yan bayi da aka 'yanta a hanya ba a san garinsu ba, da marayu, da 'ya'yan mutane ƙalilan da suka karɓi bangaskiyarsa. A nan ne, a fahimtata, ainihin aikinsa ya fara, ko da yake mai yiwuwa shi kansa ya ɗauke shi a matsayin abin da ya samu bayan ya rasa abin da yake so. Ya zauna da yaran nan a gida ɗaya, yana koya musu karatu da rubutu da lissafi da Turanci da Littafi Mai Tsarki, yana duba lafiyarsu, yana hukunta su, yana neman musu hanyar ci gaba da karatu a Ikko har da Ingila. Wasunsu sun ɗauki sunansa, shi ya sa har yau ake samun iyalai 'yan ƙasa masu amsa sunan Miller a Zariya da Kaduna. Ni da nake shiga ajin da ya haura ɗalibi saba'in, nakan ƙare zango ban riƙe sunan kowa da kowa ba, na san darajar malamin da ya san kowane yaro da halinsa da rauninsa, ya kuma bi shi shekara goma ko fiye har ya ga ya tsaya da ƙafarsa. Likita ne da takardarsa, yana iya zama a Landan ya yi suna ya tara dukiya, amma ya shafe fiye da shekara ashirin a ɗakin ƙasa a cikin birnin Zariya yana gyara wa yara ƙanana riƙon alƙalami.

Akwai wani babi na wannan tarihi wanda ya cancanci a san shi fiye da yadda aka san shi, wato labarin Isawa. A tsakiyar ƙarni na 19 an yi wani malami a Kano, Malam Ibrahim, wanda karatunsa na Alƙur'ani ya kai shi ga ba Annabi Isa wani matsayi na musamman, ya tara almajirai a kan haka. Hukumar Kano ta ɗauki koyarwarsa a matsayin fita daga hanya, aka kashe shi, almajiransa suka watse zuwa Ningi da wasu ƙauyuka na gabashin Zazzau da kudancin Kano, suna riƙe da abin da ya koya musu. A 1913 wasu daga zuriyar waɗannan mutane suka zo wurin Mila a Zariya da ƙafarsu, suna neman ƙarin bayani a kan Isa. Ba shi ya je ya nemo su ba, kuma wannan yana da muhimmanci a gare mu, domin yana nuna cewa Kiristancin Hausawa yana da saiwa guda da ta tsiro daga cikin gida. Aka samar musu wurin zama a Gimi, suka gina gidaje da makaranta da wurin sujada, suka yi noma, har ya zama kamar mafarkin Mila na ganin gari guda na Hausawa Kirista ya tabbata. Sai ciwon barci, wanda ƙudan tsando yake kawowa, ya faɗa wa garin. A cikin 'yan shekaru ya kashe mutane da yawa, aka rasa yadda za a yi, dole aka tashi daga wurin, aka kwashe yaran da suka tsira zuwa makarantar Zariya. Kakata takan sassauta murya idan ta zo wannan wuri a labarinta. Nakan yi tunanin yadda likita zai ji yana kallon mutanen da suka amince da shi suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya a wurin da aka zaunar da su, a zamanin da maganin cutar bai wadata ba.

Ba zan rubuta wannan in ɓoye aibinsa ba, domin wanda ya ƙaunaci mutum da gaske ba ya buƙatar yi masa kwalliya. Mila mutum ne mai taurin kai da zafin harshe. Ya rubuta maganganu masu ɗaci a kan sarautar Fulani da kan Musulunci, waɗanda idan maƙwabcina Musulmi ya karanta su yau zai ji zafi, kuma yana da gaskiyar jin zafin. Ya kasance na kusa da Lugga, ya yi wa gwamnatin mulkin mallaka aikin fassara, kuma ya so a yi amfani da ƙarfin wannan gwamnati a buɗe wa mishan ƙasashen sarakuna. Dangantakarsa da Sarki Aliyu Ɗan Sidi, wanda a zamaninsa ya shiga birni, ta lalace ƙwarai, ya riƙa kai ƙararsa gaban Turawan mulki, kuma ƙararrakin nan suna cikin abin da ya share hanyar sauke sarkin aka kai shi Lakwaja, inda ya rasu. Zazzagawa da yawa ba su manta da wannan ba, sarkin kuwa malami ne mawaƙi wanda har yau ake karanta waƙoƙinsa. A gefe guda kuma, wannan taurin kan ne ya sa bai raga wa 'yan'uwansa Turawa ba. Ya soki tsarinsu na mulki ta hannun sarakuna, yana cewa sun bar talaka a hannun mai zaluntarsa, sun kuma bar Arewa a baya wajen ilimin zamani da gangan domin sauƙin mulki. Razdan-razdan da yawa sun ɗauke shi ƙaya a ƙafa. A kan batun ilimi dai ina ganin lokaci ya gaskata shi, domin giɓin da ya yi ta kuka a kai shi ne muka tarar a 1960, kuma har yanzu ba mu gama cike shi ba.

Zaman mishan a cikin birni bai taɓa kwanta wa fada da Turawan mulki a rai ba, saboda haka a wajen 1929 aka tashe shi zuwa Wusasa, a gindin dutse, 'yar tafiya kaɗan daga ganuwa. A nan aka gina Cocin St. Bartholomew, mai suna ɗaya da asibitin da Mila ya yi karatu a Landan, aka kafa makaranta mai wannan suna, da Asibitin St. Luke. Duk wanda bai taɓa shiga tsohon cocin nan ba, ina roƙonsa ya je ya gani. Ginin ƙasa ne irin na Hausawa, magina Hausawa suka yi shi da tubali da azara, rufinsa daurin guga ne da bakuna kamar na zauren sarki ko tsohon masallaci, kuma ko da tsakar rana a watan bazara cikinsa da sanyi. Kakata ta ce a zamaninsu bisa tabarma ake zama a yi sujada. Wanda ya shiga ba zai ji kamar an ɗauko wani yanki na Ingila an dasa a Zazzau ba.

Shi Mila bai daɗe a sabon wurin ba, ya koma Kano ya duƙufa kan aikin da ya daɗe yana yi a hankali, wato fassarar Littafi Mai Tsarki. Kafin shi wani Bajamushe, Schön, ya fassara wasu sassa a ƙarni na 19 da taimakon Dorugu, yaron nan Bahaushe da ya bi matafiyi Barth zuwa Turai, amma Hausar ta yi nisa da yadda ake magana a gida. A 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, daga Farawa har Ru'ya ta Yohanna, Mila ne jagoran aikin, tare da 'yan mishan na wasu ƙungiyoyi da kuma Hausawan da suka zauna da shi suna auna kowace kalma. Waɗannan Hausawa ina jin ba a ba su haƙƙinsu ba a yawancin abin da aka rubuta, domin babu baƙon da zai iya zaɓen kalma tsakanin "alheri" da "jinƙai" da "rahama" shi kaɗai, komai daɗewarsa. Fassarar nan ta riƙe ikkilisiya kusan rabin ƙarni kafin a yi sabuwa, kuma har yanzu akwai tsofaffin da ba sa jin daɗin addu'a sai da kalmominta.

Abin da ya biyo baya ya wuce abin da ya tsara. Ya yi fassarar ne yana hangen Kano da Katsina da Sakkwato, amma waɗanda suka rungume ta da yawa su ne mutanen Kagoro da Kafanchan da Filato da Numan da sauran al'ummomi masu harsunansu, waɗanda Hausa ta zame musu harshen kasuwa da na sujada. Idan ka zaga Sabon Tasha ko Narayi ko Kakuri ranar Lahadi da safe, za ka ji ana wa'azi da waƙa da Hausa a majami'u na ECWA da HEKAN da Angilikan da Baftis, masu yin kuwa Bajju ne da Atyap da Gbagyi da Adara da Ham. Mu Hausawan cikinsu 'yan kaɗan ne, har wani lokaci a kasuwa akan tambaye ni, cikin mamaki na gaskiya, yaya aka yi na zama Bahaushe kuma Kirista. A Kaduna, garin da rikicin shekarar 2000 ya raba mazauna zuwa wannan ƙetare da wancan ƙetare na kogi, iyali irin namu, da muke da baffanni masu zuwa masallaci da gwaggwanni masu zuwa coci, mukan ji abin a jikinmu fiye da kowa.

Yanzu sai in koma ga tambayar ɗan ƙanwata. Russell Aliyu Barau Dikko, wanda aka haifa a 1912, ɗan makarantar Mila ne. Daga nan ya wuce King's College a Ikko, sannan Jami'ar Birmingham a Ingila, ya dawo da takardar likita a lokacin da babu wani ɗan Arewa mai irinta. Shi ne kuma aka zaɓa shugaban Jam'iyyar Mutanen Arewa a taronta na Kaduna a 1949, tun tana ƙungiyar al'adu, Kirista yana shugabantar taron da mafi yawansa Musulmi ne. John Tafida, wanda ya rubuta Jiki Magayi tare da Rupert East, daga wannan gida ya fito. Farfesa Ishaya Audu, likitan yara, ɗan Nijeriya na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, daga baya ya zama ministan harkokin waje a gwamnatin Shagari, daga zuriyar Isawan nan yake. Janar Yakubu Gowon, wanda mahaifinsa mai bishara ne daga ƙasar Angas, a Wusasa ya tashi, a makarantar St. Bartholomew ya fara karatu. Gaskiya ita ce waɗannan biyu na ƙarshe ba su zauna a gaban Mila a aji ba, domin ya riga ya bar Zazzau kafin su isa shiga makaranta. Waɗanda ya koyar, da waɗanda suka gaje shi, su ne suka koyar da su.

A 1935 ya ajiye aikin CMS ya koma Ingila, amma zaman bai yi masa ba. Bayan 'yan shekaru ya dawo Nijeriya a kan kansa, ya zauna a Bukuru kusa da Jos, yana rubuce-rubuce. A 1947 ya fitar da wani littafi wanda sunansa kansa tambaya ce ga 'yan ƙasarsa, ko sun gaza a Nijeriya, kuma ina jin tambayar ba gwamnati kaɗai ya yi wa ba, har da kansa, mutumin da ya zo neman birane ya ƙare da ƙauye guda. Ya rasu a Bukuru a 1952 yana da shekara tamanin, aka buga tarihin rayuwarsa da ya rubuta da hannunsa a maɗaba'ar Gaskiya ta Zariya, garin da aka taɓa fitar da makarantarsa daga cikinsa.

Ranar Asabar da ta wuce na cika wa yaron alkawari, muka shiga mota a tashar Kawo muka tafi Wusasa. Na nuna masa dutsen, da asibitin, da makarantar, sannan muka nemi izini muka shiga tsohon cocin. Ya daɗe yana kallon bakunan rufin, ya shafa bangon da tafin hannunsa, ya tambaye ni ko da gaske ƙasa ce zalla. Na tafi da tsohon Littafi Mai Tsarki na kakata a cikin jaka, wanda bangonsa ya rabu aka ɗinke shi da zaren lilo, na buɗe masa farkon Bisharar Yohanna na ce ya karanta. Ya yi ta tuntuɓe a kan tsohuwar Hausar, yana tsayawa yana tambayata ma'anar wasu kalmomi, har ya kai aya ta goma sha huɗu, sannan ya ce, "Kawu, ka ba ni aronsa in kai wa Mama ta gani."